Mega Ba Ma'auni Ba Ne: Raddi Ga Masu Auna Intanet Da Rabin Kalma

Wani ƙanena yana da shagon buga takardu a Kaele, babban garin yankin Mayo-Kani da ke Arewa Mai Nisa a ƙasar Kamaru. Masu zuwa wurinsa yawanci ɗalibai ne da ke cike takardun jarrabawa, sai 'yan kasuwa masu aika rasit da hotunan kaya. Bara ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani aka ja masa layin intanet. A takarda an rubuta 10 Mbit/s, wanda ya kawo takardar kuma ya fassara masa da baki, ya ce "mega goma". Ranar da ya fara sauke fayil, sai kwamfutarsa, wadda ke aiki da Faransanci, ta nuna masa 1,2 Mo/s, wato ɗaya da ɗigo biyu. Nan take ya kira ni.

"Yaya, an cuce ni. Kuɗin mega goma na biya, ga shi ɗaya da 'yan kai aka ba ni."

Na ce ya dakata mu yi lissafi tukuna. Bai dakata ba. Washegari ya rufe shago ya shiga mota har Garwa, inda ofishin da ya ba shi layin yake. Ma'aikacin da ya tarar ya saurare shi har ya gama faɗa, sannan ya ɗauki biro ya raba goma gida takwas, ya nuna masa 1,25, ya ce, "Malam, abin da ka saya ke nan." Ƙanena ya dawo da kunya, ga asarar kuɗin mota, ga cinikin yini guda ya tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yana da ƙorafi na gaskiya, amma bai sami bakin faɗarsa ba. Kullum da almuru lambar nan takan sauka zuwa 0,3. In ka ninka ta sau takwas, megabit 2.4 ke nan, ƙasa da rubu'in abin da ya biya. Wannan ita ce maganar da ta cancanci tafiya Garwa. Amma wanda aka kayar a lissafin farko, wa zai saurare shi a na biyu?

Ba ƙanena nake zargi ba. Zargina yana kanmu, mu masu nazarin Hausa da koyar da ita da fassara cikinta, da muka karɓi kalmar "mega" tsirara muka sake ta cikin jama'a, alhali ba ta auna komai. Mega na nufin miliyan. Miliyan na me? In ɗan kasuwa ya ce maka "goma" ya yi shiru, za ka tambaye shi: mudu goma, tiya goma, ko buhu goma? Me ya sa in an zo kan intanet muke haɗiye tambayar?

Ƙwaya da ƙulli

Abu na farko da "mega" ke ɓoyewa shi ne bambancin bit da bayit. Bit shi ne mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke riƙewa, ko sifili ko ɗaya. Claude Shannon ne ya fito da kalmar fili a rubutunsa na 1948. Bayit kuwa bit takwas ne a haɗe, gwargwadon abin da ke ɗaukar harafi ɗaya na boko irin su a, b, d. In kana yi wa tsohuwa bayani, ce mata bit ƙwaya ne, bayit kuma ƙulli ne mai ƙwaya takwas. Werner Buchholz na kamfanin IBM, wanda ya ƙirƙiri kalmar bayit a 1956, da gangan ya sauya rubutunta don kada a rikita ta da bit. Shi ya hango ramin tun lokacin, mu kuma muka zo muka faɗa ciki da idanunmu biyu.

Masu shimfiɗa layi da bit suke ƙirga gudunsa. Kwamfuta da waya kuma da bayit suke ƙirga girman fayil. A Ingilishi bambancin bai wuce girman harafi ba: Mb megabit ne, MB megabayit ne, kuma ba a jin babban baƙi ko ƙarami a baki. Faransanci ya fi kyautatawa a nan, domin bayit a wurinsa okte ne, kalmar da tushenta ke nufin takwas, shi ya sa ake ganin Mo da Go a saƙonnin kamfanonin waya na Kamaru da Nijar. Bahaushen arewacin Kamaru yana tsakiyar waɗannan rubuce-rubuce biyu. Takardar hukuma takan zo masa da Faransanci daga Yawunde, wayar hannunsa wataƙila daga Mubi ko Yola aka sayo ta tana magana da Ingilishi, ciniki a kasuwar Kaele kuma da Fulatanci da Mundanci ake yin mafi yawansa. Duk waɗannan hanyoyi in sun iso Hausa sai su narke su zama "mega". Harshen da ya kamata ya warware masa shi ne ya ƙara cakuɗa masa.

Gudu daban, yawa daban

Abu na biyu da kalmar ke ɓoyewa shi ne lokaci. "Mega goma" na layin ƙanena gudu ne: megabit 10 a kowane sakan. "Mega ɗari biyar" da kake saya a waya kuwa yawa ne: megabayit 500, ba ruwansa da agogo. Na farko kaurin bututun famfo ne, na biyu girman randa ne. Wanda ya kira su da suna ɗaya ba zai taɓa gane abin da ya sa randarsa ke saurin ƙarewa ba.

Ga lissafin. Gigabayit ɗaya megabit 8,000 ne. A kan layi mai gudun megabit 1 a sakan, in an buɗe shi iyakar ƙarfinsa, zai ƙare cikin sakan 8,000, wato awa 2 da minti 13 da 'yan sakanni. A kan layi mai megabit 10, sakan 800 ne kacal, minti 13 da sakan 20. Fayil ba ya ƙara girma don layi ya yi sauri, amma manhajojin bidiyo sukan ƙara kyan hoto da kansu in sun ga hanya a buɗe, kyan hoto kuwa data yake ci. Da yawan masu rantsuwa cewa an sace musu data, wannan ne ya same su.

A nan ɗalibin Hausa yana da wani abin lura. Da gangan nake rubuta "sakan", ban rubuta "daƙiƙa" ba. A Larabci, inda muka aro ta, daƙiƙa minti ce. A bakin Hausawa da yawa ta koma sakan, wasu kuma har yanzu minti suke nufi da ita. A hira ba komai. A takardar yarjejeniya kuskuren ninki sittin ne.

Daga bakin teku zuwa Kaele

Yanzu mu bi layin ƙanena zuwa tushensa, domin a can manyan lambobin suke, a can kuma aka fi ruɗa mu. Intanet ɗin Kamaru ta teku yake shigowa. Igiyar SAT-3 ta sauka a Duwala a 2002, WACS tana sauka a Limbe, akwai wadda ta haɗa Kribi da Legas, sai SAIL da ta ratsa Tekun Atalantika daga Kribi zuwa Fortaleza ta Barazil, kusan kilomita 6,000, aka kammala ta a 2018. Daga gaɓa, zaren gilashi mai ɗaukar haske, wanda ma'aikata ke kira fayiba, shi ke hawowa arewa. An binne wani sashensa tare da bututun man da ya taso daga Doba ta ƙasar Cadi zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003. Daga baya babban layin ya kai Ngawundare da Garwa da Marwa har Kusiri, a hannun Camtel, kamfanin gwamnati. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Kamaru, sun ji a jikinsu. Ashe shagon da ke Kaele a kan igiyar ƙarƙashin teku yake rataye.

Waɗannan manyan layuka suna da sunayen awo nasu, irin su E1 da STM-1, kuma ba dabo ba ne. Asalin lissafin daga muryar ɗan Adam ne. Da aka fara mayar da maganar tarho lambobi, an tsayar cewa za a ɗebi sautin murya sau 8,000 a kowane sakan, a rubuta kowane ɗiba da bit 8. Ka ninka, ka sami bit 64,000 a sakan. Wannan shi ne tubalin ginin. Turai ta jera tubala 32 ta kira su E1, mai bit 2,048,000 a sakan, kuma wannan tsari ƙasashenmu suka bi. Amurka ta jera 24 ta kira su T1, mai megabit 1.544. A cikin 32 ɗin nan na E1, a tsarin tarho, biyu ba sa ɗaukar magana: ɗaya na daidaita sahu ne, ɗaya na sanar da kira da katsewarsa. Saura 30, wato bit 1,920,000. Raba gida takwas, ka sami bayit 240,000 a sakan. Gigabayit ɗaya a kan wannan layi zai ci awa ɗaya da kusan minti goma.

Sama da E1 akwai STM-1, matakin farko na tsarin SDH da aka amince da shi a duniya a 1988. Amurkawa suna kiran irinsa OC-3. Ka ɗauka takarda ce mai layi 9 da ginshiƙi 270, kowane gida bayit ɗaya: bayit 2,430 ke nan. Ana aika irin wannan takarda sau 8,000 a sakan, ya zama bayit 19,440,000, ko kuma bit 155,520,000. Daga nan lambar 155.52 ta fito. Ninki huɗu shi ne STM-4, megabit 622.08, wato megabayit 77.76. Ninki goma sha shida shi ne STM-16, megabit 2,488.32, wato megabayit 311.04. Ninki sittin da huɗu shi ne STM-64, megabit 9,953.28, wanda ake kira giga goma a taƙaice, alhali gigabayit 1.24 ne a sakan. Yau akwai layukan da haske ɗaya ke ɗaukar gigabit 100, amma rabon bai sauya ba: gigabayit 12.5 ne.

To, mai fassarar da ya ga "10 G" a sanarwa ya rubuta "gigabayit goma", me ya yi? Ya ninka aikin sau takwas da alƙalaminsa, ya yi wa hukuma ƙaryar da ita ba ta yi ba, ya ɗora wa jama'a tsammanin da ba zai cika ba.

Auduga da gurya

Rabawa gida takwas ma ba ita ce ƙarshen lissafi ba, kuma mutumin Kaele ya fi kowa sanin dalili. Ƙasarsu ta auduga ce tun zamanin Faransawa, kafin a kafa Sodecoton a 1974 mai hedikwata a Garwa. Manomi ya san nauyin da sikeli ya nuna ba shi ake biya ba sai an cire nauyin abin da aka ƙunso audugar. Ya kuma san in aka kai ta injin gurza, fiye da rabin nauyin gurya ce. Ba wanda ke kiran wannan sata. Sata ita ce a sayar maka da auduga mai gurya da sunan gurzajjiya.

Haka layi yake. A ginshiƙai 270 na STM-1, goma na aikin kula da hanya ne: alamun farko, binciken kuskure, saƙon injiniyoyi. Saura 260. Abin da ke ɗaukar kayanka megabit 149.76 ne, wato megabayit 18.72 a sakan, ba 19.44 ba. Kayan kuma ba a zube suke tafiya ba, a ƙunshe suke, kowane ƙunshi da adireshinsa. A tsarin da yawancin kwamfutoci ke bi, bayit 1,460 na saƙonka yana cin gurbin bayit 1,538 a kan waya, wato kusan kashi 95 cikin 100 ne naka. Shi ya sa 1.25 na ƙanena ya koma 1.19, kwamfuta ta cike ta nuna 1,2. Layinsa da safe lafiya lau yake.

Sai maganar tarayya, wadda ita ce ciwon almuru. STM-1 guda ba ya iya ba masu layin megabit 10 haƙƙinsu cikakke a lokaci ɗaya in sun wuce mutum 14. A ce wayoyi 1,000 ne suka hau shi tare, kowace za ta sami bayit 18,720 a sakan, hoto mai megabayit 3 zai ɗauki minti 2 da sakan 40. Kamfanoni a ko'ina sukan sayar da fiye da abin da layi zai ɗauka lokaci guda, bisa la'akari da cewa ba kowa ke ja tare ba. Tambayar da mai saye ya kamata ya iya yi ita ce: layin nan nawa ne ni kaɗai, ko mu nawa ne a kansa, kuma mene ne mafi ƙarancin gudun da kuka lamunce mini? Wanda kalmarsa ɗaya ce, "mega", ba zai iya harhaɗa wannan tambaya ba.

Waƙafi da ɗigo

Akwai sauran ramuka biyu. Na farko na kan iyaka ne. Faransanci da waƙafi yake raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, Ingilishi da ɗigo. Takardar Garwa za ta rubuta gudun E1 haka: 2,048 Mbit/s, tana nufin biyu da 'yan kai. Ɗalibin da ya yi karatu a Yola ko Kano zai karanta dubu biyu da arba'in da takwas. Kuskuren ninki dubu, daga alama ɗaya. Mai rubuta Hausa don masu karatu na ɓangarorin biyu dole ya faɗi tsarin da ya bi. A wannan rubutu ɗigo nake bi, sai inda na kwafo abin da allo ko takardar Faransanci ta nuna.

Na biyu shi ne kilo mai fuska biyu. A gudun layi kilo 1,000 ne, babu jayayya. A ma'ajiyar kwamfuta an daɗe ana kiran 1,024 kilo. A 1998 hukumar IEC ta ware wa na biyun sunaye nasa, kibi da mebi da gibi, amma Windows har yau lissafin 1,024 take yi tana rubuta GB. Shi ya sa filas ɗin da aka rubuta wa 64 ke nuna kusan 59.6 in ka soka shi. Mai shago bai ɗebe maka komai ba.

Ga masu cewa ba ruwanmu

Na san amsoshin da za a ba ni. Wasu za su ce wannan aikin injiniyoyi ne, mai nazarin harshe ya tsaya kan nahawu da waƙa. Ina tambayarsu: injiniya ne ke biyan kuɗin data na gidanku? Awo tun asali aikin harshe ne. Kakanninmu sun bambanta kamu da taƙi da gaba, sun bambanta mudu da tiya, don kada a ci haƙƙin wani. Harshen da ya iya wannan a kasuwar hatsi bai gaza a kasuwar intanet ba. Masu shi ne suka yi sakaci.

Wasu za su ce a bar wa Faransanci da Ingilishi, tunda da su aka rubuta takardun. Ai da Faransanci aka rubuta takardar ƙanena, kuma daidai aka rubuta ta. A wurin fassara da baki abin ya lalace. Muddin ana sayar da kaya da Hausa, da Hausa za a yi gaskiya ko ha'inci.

Akwai kuma 'yan'uwana masu son ƙirƙirar kalmomi, da za su kwana suna neman asalin Bahaushiyar kalmar da za ta maye gurbin bit. Ba na ƙin ƙirƙira. Amma sabuwar kalma ba tare da lissafi ba ado ne kawai. Mun karɓi minti da kilo da lita ba su rage mu da komai ba. Bit da bayit ma sun zauna a baki, okte kuma ya zauna a Kamaru da Nijar. Abin da ya rage shi ne mu daina yanke musu wutsiya.

Wasu kuma za su ce ina wanke kamfanoni. Ko kaɗan. A watan Afrilu na 2023 masu amfani da waya a Kamaru sun yi ta sa wayoyinsu a yanayin jirgi na wasu awanni a rana, don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sadarwa. Fushin yana da tushe. Amma wanda zai tsaya gaban kamfani, ko gaban hukumar ART mai sa ido kan sadarwa, ya fi ƙarfi in ya ce: na biya megabit 10 a sakan, na auna kwana bakwai da ƙarfe bakwai na yamma, ban wuce 2.4 ba. Wannan ba a korarsa da biro. Mai ihun "an sace mini mega" kuwa, an riga an san yadda za a sallame shi.

Saboda haka ga abin da nake nema daga duk ɗalibin da zai rubuta ko ya fassara ko ya karanta labari a rediyo. Kada ka bar mega ko giga su tsaya su kaɗai, ka cika su: megabit ko megabayit. In gudu ne, ka ƙara "a sakan". In ka ba da gudun layi, ka raba shi gida takwas a jimlar da ke biye, ka faɗi abin da mutum zai gani a allonsa, ka kuma tuna masa da gurya. In a tsaye kake a kasuwa ba biro, rabawa gida goma ta isa kintace, amma kada ka sa hannu a kanta.

Ƙanena yanzu yana da littafi a gefen kwamfuta. Safe da yamma yana rubuta lambar da ya gani, ya ninka ta sau takwas, ya sa kwanan wata. Ya ce in shafi ya cika zai koma Garwa, kuma a wannan karon shi zai riƙe biron.